Kemis ɗin Baba na ƙofar masallaci

Ni ɗan fari ne, kuma a gida irin namu wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" nake, ranar da ya tashi da fara'a kuma in zama "yaron nan". Inna kuwa ba ta yi mini magana kai tsaye. Sai ta fuskanci tukunya ta ce, "A gaya masa tuwonsa na nan," alhali daga ni sai ita sai kaji a tsakar gidan. Yanzu furfura ta ci rabin gemuna, tumbina yana riga ni shiga ɗaki, amma har gobe kunyata suke ji, ni ma ina jin tasu. Na faɗi wannan ne don a san irin mutanen da na ɗauki nauyin lafiyarsu. Mutum biyu ne da ba zan iya duban idonsu in ce "me ya sa?" ba.

Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Unguwar Gano, su kuma suna tsohon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Da aka ce ma'aikaci zai iya ƙara iyayensa a inshorar lafiya, a riƙa yankar wani abu a albashinsa, sai na ruga kamar ana rabon fili. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Wato ka je ka biya kuɗin ciwon da bai zo ba. Gayyata ka aika masa ke nan." Na ce ai tanadi ne, Baba. Ya ce to, Allah ya sa kada ya amsa.

Ai ya riga ya amsa tuntuni. Hawan jini ya daɗe da tarewa a jikin Baba. Idonsa na hagu ya tafi tun ina saurayi, na dama kuma yanar ido ta soma rufe shi. Baba ya yi shekara da shekaru yana sayar da yadi a kasuwa, kuma bayan ya rufe shago abin da ya rage masa shi ne Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe, wanda yake karantawa daga asuba har rana ta ɗaga. Na ga ya fara matso da shi kusa da fuska, sannan har yana taɓa hanci, sai wata safiya na same shi zaune da shi a rufe bisa cinya, yana shafa bangon kawai. Likita ya ce aikin ƙarami ne, cire yanar za a yi. Amma ya ce kada a daɗe, don ta nuna sosai, in ta wuce haka za ta iya ja wa idon abin da ba ya gyaruwa. Ido ɗaya ne kuma, babu na canji.

Ƙaramin asibitin da aka rubuta mu yana Tarauni, ta wajen Babban Giji, kuma ba sa aikin ido. Sai sun tura ka babban asibiti, ba kuma za su tura ka ba sai kamfanin inshora ya ba da wata lambar amincewa da kowa ke kira kod. Wanda bai taɓa neman kod ba bai san wulaƙanci ba, labarinsa kawai yake ji. Akwai wani benci a wurin, dab da banɗaki, na zauna a kansa har ya san ni. Ina jin in aka duba yau za a ga shatin mazaunaina a jiki. Banɗakin kuwa, ko da mura ka zo hancinka buɗewa yake yi don dole. Mai kula da masu inshora wani bawan Allah ne da ban taɓa ganin bakinsa a huce ba. Da hannun da yake dangwalar awara a yaji, da shi yake karɓar katin mutane. Har yau in ka shinshina katin Baba sai ka yi atishawa.

"Malam, netwok babu."

In akwai netwok, kamfani ba sa ɗaukar waya. In sun ɗauka, wai yatsan Baba bai fito a na'ura ba. Yatsan da ya ƙare rayuwarsa yana murza shadda ya goge sumul kamar bayan cokali. Muka shafa ruwa, muka shafa mai, wata mata a layi ta ce a goga shi a siminti. Ana cikin haka mai kuɗi a hannu zai zo a bayanmu ya wuce, har da su "ranka ya daɗe". Mu kuwa da muka biya tun ciwon bai zo ba, kallonmu ake yi kamar mun zo cin abincin biki ba gayyata.

Ranar da kod ya fito na kusa rungumar mai awara, ƙamshin yaji ne ya hana ni. Ya ce, "Malam, ka sani fa kod yana mutuwa. In ba a yi aikin da wuri ba, sai sabon nema." Na ce ashe lamba ma rai gare ta. Bai yi dariya ba.

A babban asibiti wata sista ce ta karɓe mu, 'yar Filato, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta ɗaura wa Baba abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

"Baba, kai da wa kuka yi faɗa?"

"Ba kowa, 'yata."

"To jininka ya hau har ya fasa rufin asibitin nan. A haka ba mai taɓa maka ido. A je a sha magani a dawo."

Muka je muka dawo, jini yana nan inda muka bar shi, har ya ƙara hawa bene. Likita ya ce, "Baba, kana shan maganin nan kuwa?" Baba ya ce, "Likita, mun gode Allah." Likita ya ninka ƙarfin ƙwayar. Muka sake dawowa, sista ta dube ni ta ce, "Malam, anya ba ƙosai kuke ba shi a madadin magani ba?"

Sai na shiga neman mai laifi. Na fara da Inna. Na tsaya a bakin madafa ina yi wa murhu lacca kan gishiri da dunƙule, ita kuma ta gaya wa muciya cewa shekara nawa tana dafa wa mutumin nan abinci bai mutu ba, sai yau da aka sami likita a gida. Amma ta daina sawa. Baba ya yi makonni yana cin miyar kuka mai ɗanɗanon ruwan wanke ƙwarya. Da hakan bai yi ba na koma kan masu ba da magani a ƙaramin asibiti, na ce alli suke ba mu don mu 'yan inshora ne. Na yi musu tijara har wani mai jinya ya leƙo ta taga da ledar ruwa a hannu. Ƙannena kuwa, daga Abuja da Kaduna, kowa ya zama ƙwararre a waya: wannan ta ce tafarnuwa, wancan ya ce zoɓo ba sukari. Babu wanda ya ce zai zo ya ɗanɗana bencin nan.

Wata ranar Asabar na biyo ta gidan bayan la'asar. A ƙofar masallacin layinmu akwai majalisar tsofaffi, tabarma biyu a gindin darbejiya, nan Baba yake zama har magariba. Kullum gaisuwa nake yi daga tsugune in wuce. Ranar sai aminin Baba, wani tsohon direban babbar mota mai murya kamar hon, ya cafke hannuna.

"Ɗan albarka! Zauna nan. Jama'a, ga mai maganin ya zo."

Na ce wane magani, Baba?

"Ji shi, wai kunya. Farar ƙaramar nan taka mana. Ni tun da na fara ta, kan nan da yake sara mini kamar ana faskare, shiru. Alhaji, fito da gwangwanin."

Baba ya sa hannu a aljihu, ba gaggawa, ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa ya buɗe. Ga su nan. Ƙwayoyin da na zauna wa a benci, na shaƙi banɗaki dominsu, na zagi bayin Allah a kansu, an ɓare su daga katinsu an zuba kamar gyaɗa. Da yake Baba ba ya gani sosai, miƙa gwangwanin yake yi, kowa ya zaɓa da kansa. Wani tsoho ya ce shi mai ruwan ɗorawa yake so, ita ce take masa maganin gwiwa. Wani ya ce wannan ai ba ta barin alwala, shi tsakanin azahar da la'asar sau nawa yake zagayawa, amma dai alama ce tana wanke ciki. Wani ya ɗauki biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mai ɗakinsa. Aka kora da ruwan buta.

Ban gama haɗiye abin da na gani ba direban ya ɗaga hannu sama. "A yi wa yaron nan addu'a." Tsofaffi suka ɗaga. To mutum yana tsugune a gaban sa'o'in ubansa, suna roƙa masa albarka da gamawa lafiya da 'ya'ya masu jinƙai, me zai ce? Na buɗe tafuka. Bakina yana ta "amin, amin". Har aka roƙa mini ƙarin girma a wurin aiki, don a samu a riƙa kawo da yawa. Na ce amin.

Bayan magariba na bi Baba ɗakinsa. Na zauna a ƙasa, na dubi ƙafafunsa, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, sannan na ce ai maganin nan likita shi kaɗai ya rubuta wa.

"Kai wannan," in ji Baba, "mutum ya zauna kusa da ni ya ce kansa yana sarawa. Magani yana aljihuna. In ce masa me?"

"Baba, ai naka ne."

"Ba kai ka ce duk wata ana ba da wani ba? Abin da ba ya ƙarewa shi zan yi rowarsa? Ni ma ina sha in na ji jikina ba daɗi."

Na ce jinin ba ya jira a ji shi, kuma in bai sauka ba ba za a yi aikin ba, kod kuma zai mutu. Ya ce, "Kowa ma zai mutu," ya juya ya laluba carbinsa. Da na fito, Inna tana kwashe tuwo. Ta gaya wa tukunya cewa mutumin da ya saba duk sallah a yi layi a ƙofarsa ana karɓar yadi, yanzu kuwa ko goro sai an saya masa, ai dole ya ba da abin da ya samu. Ashe ta sani tun farko. Ta bar ni na hana ta gishiri, tana kallona.

Na karɓe gwangwanin, na damƙa sabon magani a hannun Inna, na ce ita za ta riƙa ba shi. Wannan shirin bai kai ko'ina ba. Baba zai ce, "Kawo, na sha in na karya," ita kuma matar da ba ta taɓa musa masa ba sai ta miƙa. Ƙwaya ta faɗa aljihu, aljihu ya tafi majalisa. Bambancin kawai shi ne yanzu kaya sun yi ƙaranci, sai manyan aminai ake ba.

Babban amini kuwa shi ne direba, kuma ƙwayar da yake samu yanzu ita ce wadda likita ya ninka. Wata rana ya ji kansa ya matsa, ya haɗa biyu ya watsa. Ana tsaye a sahun la'asar sai aka ji rim, kamar an sauke buhun masara daga tirela. Mutumin da ba shi da hawan jini, an ja masa jinin ƙasa har ya kusa fita ta tafin ƙafa. Aka sa shi a adaidaita sahu aka kai asibiti, aka ɗaura masa ruwa, Allah ya sa da sauran kwana. Washegari 'ya'yansa maza suka same ni a ƙofar gida, kowanne ƙirji kamar ƙyaure.

"Kai ne malamin da yake raba wa tsofaffi ƙwaya?"

Na rantse, na sake rantsewa. Babban ya ce ai duk majalisa sun shaida, har addu'a an yi mini. Sai da liman ya fito ya raba mu. A makon nan kod ya mutu. Mai awara ya gaya mini da baki cike, ko ta'aziyya babu.

Liman ya yi wa majalisa nasiha, sai tsoro ya kama su, suka ce za su dawo da abin da ya rage. Wayyo, da sun bar shi. Aka aiko mini da su gida ɗaya bayan ɗaya. Wata an ƙulle ta a ledar goro ta yi ja. Wata ta kwana a aljihu da tsinken sakace da zaren riga. Wata a cikin hula aka ajiye ta, ta sha gumi ta kumbura ta zama kamar ƙullin fura. Akwai wadda aka gutsura rabi da haƙori aka dawo da sauran, shatin haƙorin yana nan. Har da waɗanda ba namu ba, wata shuɗiya da wata doguwa da ban san daga ina suka fito ba. Ashe kasuwar ta bunƙasa har ana musaya. Inna ta ce wa tsintsiya ai asara ce a zubar. Na haƙa rami a bayan gida na binne su da zurfi, don ko kaji ban yarda su tsattsaga ba.

Na koma benci. Ya gane ni. Muka sake daga farko, da netwok da yatsa da yaji. Wannan karon kuma na ga abin da ya fi banɗakin tayar mini da hankali: Baba ya fara laluben bango a gidan da ya gina da kansa, yana kuma cewa idon yana ɗan yi masa nauyi. Likita ya duba ya ce lokaci yana ƙurewa.

Sai na ɗauke maganin gaba ɗaya na kai gidana. Kullum da safe kafin in tafi makaranta, in hau babur daga Unguwar Gano in zo Gyaɗi-Gyaɗi da ƙwayar ranar a aljihuna. Ranar farko na gaishe shi, na miƙa masa da kofin ruwa. Ya ce, "Ajiye nan." Na ce zan jira. Inna a waje ta daina shara. Da ya ga ba ni da niyyar tashi, ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ya ce to, a sauka lafiya. Amma na ga kuncinsa na dama bai kwanta daidai ba.

Na yi shekara fiye da hamsin ban ɗaga ido na dubi fuskar mutumin nan sosai ba. Ranar na ɗaga.

"Baba, buɗe bakinka in gani."

Wallahi da na faɗa sai na ji kamar na tuɓe a tsakiyar kasuwar Tarauni. Na ji tsintsiya ta faɗi daga hannun Inna. Baba ya juyo da idon nan mai yana wajen da muryata take, ya daɗe a haka. Ban san me yake gani ba, wataƙila inuwa ce kawai mai tumbi. Sannan ya sake ɗaukar kofin, ya kurɓa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, kamar yaro a gaban mai allura. Na ce na gode, na fita. A kan babur har makaranta ina jin ƙyamar kaina da ta inshora da ta majalisa da ta duk wanda ya ƙirƙiro kod.

Haka muka yi ta yi kullum. Gaisuwa, ƙwaya, ruwa, baki. Bayan wannan ba ya ƙara ce mini komai. Jini ya fara saukowa kamar mai saukowa daga bishiya yana duba ƙasa. Da sabon kod ya fito muka koma wurin sista, ta auna, ta sake aunawa, ta ce, "A'a, Baba, kun shirya da abokin faɗan naka ke nan?" Baba ya ce, "Ba mu shirya ba, 'yata. Ƙarfi aka fi ni."

Aka yi aikin. Da aka cire bandeji likita ya ce an yi sa'a, amma jinkirin ya ɗan taɓa idon, ba zai koma kamar da ba. Daga nesa Baba ba ya rarrabe mutum da turmi. Amma da tabarau, a kusa, manyan baƙaƙe suna fitowa.

A majalisa yanzu in na yi sallama, amsawa suke yi a taƙaice, kamar ana cire musu kuɗi a kan kowace kalma. Direba ya warke sarai, kuma ya gaya wa duk Gyaɗi-Gyaɗi cewa 'yan boko ba su da imani, mutum ya hana ubansa yin alheri. Ƙannena suna bugo waya suna cewa ai tafarnuwar ce ta yi aiki.

Har yau ni nake kai ƙwayar, don likita ya ce ita da Baba sai mutuwa. Ina isa nake samunsa a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, tabarau a karan hanci, Alƙur'ani a buɗe. Ba ya ɗagowa. Yana amsa gaisuwa da kai, ya danne layin da yake da yatsa ɗaya don kada ya ɓace masa, ya miƙo ɗaya hannun. Ya watsa, ya kora, ya buɗe baki ya ɗaga harshe tun ban tambaya ba, ko da na riga na juya baya. Sannan ya ci gaba daga inda yatsan yake.